Darasi na Goma Sha Biyu: Waƙar 'Yan Zuhudu, da Yadda Ya Kamata Mu Raira Maganar Allah

Abin karantawa: Zabura 136, Markus 14:22-26, 1 Korintiyawa 14:6-19, Kolosiyawa 3:12-17.

Ayar haddacewa: 1 Korintiyawa 14:15.

Ga shugaban ƙungiya: A karanta wuraren nan huɗu da murya kafin a shiga darasi. Zabura 136 kuwa a karanta ta haka: mutum ɗaya ya riƙa faɗin rabin aya na fari, jama'a duka su amsa da rabi na biyu. In akwai shugaban mawaƙa ko shugabar zumuntar mata a wurin, a roƙe su su zauna har ƙarshe, gama darasin ya shafi aikinsu.

Gabatarwa

'Yan'uwa cikin Almasihu, garin da ya tara kabilu da yawa ya tara waƙoƙi da yawa. Haka Lafiya ta ke. Ran Lahadi da safe, wanda ya ratsa gari da ƙafa zai ji ana yabon Allah da Hausa, da Turanci, da Eggon, da Alago, da Migili, da Tibi, da waɗansu harsuna kuma. Nan matan zumunta ne da tukwanen kiɗansu, can samari ne da ganguna da lasifika. In kuwa ya bi ta wata majami'ar Katolika a babbar rana, yana yiwuwa ya ji wata irin waƙa dabam: babu ganga, babu tafi, muryoyi duka suna tafiya tare kan hanya ɗaya, suna hawa suna sauka a hankali, cikin harshen da ba a ciniki da shi a kowace kasuwa. Harshen nan Latin ne, watau harshen Romawan dā. Waƙar kuwa ita ce a ke kira waƙar Giregori. Ta fi shekara dubu a bakin Kirista, waɗanda suka fi riƙe ta kuwa su ne 'yan zuhudu, watau mutanen da suka bar aure da dukiya, suka zauna tare a gida ɗaya domin addu'a da aiki.

Wani zai ce, ina ruwanmu da waƙar da ba mu jin harshenta? Ga dalili. A ikilisiyoyi da yawa yau akwai jayayya kan waƙa. Dattawa suna cewa yara sun mai da ɗakin sujada dandali. Yara suna cewa waƙoƙin dattawa suna sa barci. Akwai inda maganar ta kai ga gaba, har waɗansu suka daina zuwa sujada. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muna so mu ɗauki tsohuwar waƙar nan mu auna ta da Littafi Mai Tsarki, sa'an nan mu auna namu waƙoƙi da mudu ɗaya. Abin da za mu gani shi ne: karin waƙa doki ne, Maganar Allah ce mahayi. Aikin doki ya kai mahayi inda za shi.

1. Tushen abin cikin Littafi Mai Tsarki

Raira Maganar Allah ya girmi Roma da Latin cikin sujada. A 1 Tarihi 25 mun ga Sarki Dauda ya keɓe iyalan Asaf, da Heman, da Yedutun domin aikin waƙa a Haikali. Horarrun mawaƙa 288 ne, aka raba su kashi 24, kowane kashi da lokacinsa. Mu lura da abu ɗaya: littafin ya kira aikinsu annabci. Ashe mawaƙi a gaban Allah ɗan'uwan mai wa'azi ne, gama dukansu biyu saƙo su ke ɗauke da shi.

Littafin waƙarsu shi ne Zabura. Da muka karanta Zabura 136 ɗazu, mun ji amshi ɗaya yana komowa cikin ayoyi 26 duka. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Haka mata su ke yi wurin daka, haka 'yan gayya su ke yi a gona: ɗaya yana bayarwa, saura suna amsawa.

Ubangijinmu Yesu kansa ya raira waƙa. Markus ya gaya mana, da suka gama jibin ƙarshe, shi da almajiransa suka yi waƙar yabo kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun. Bisa ga al'adar Yahudawa, Zabura 113 zuwa 118 a ke rairawa a Idin Ƙetarewa. Mu tsaya mu yi tunani: daren da za a bashe shi, da Zabura a bakinsa ya fita. Haka kuma Bulus da Sila a kurkukun Filibi, da tsakar dare, bayansu da miki, ƙafafunsu a turu, suna raira yabo, sauran 'yan sarƙa kuwa suna kasa kunne (Ayyukan Manzanni 16:25). Ba su da ganga, ba su da littafi a hannu. Abin da suka haddace shi ya fito.

A Kolosiyawa 3:16 Bulus ya fara da Maganar Almasihu, cewa ta zauna cikinmu a yalwace, sa'an nan ya kawo zancen zabura da waƙoƙi. Bai juya jerin ba. Magana ce gaba, waƙa tana biye.

2. Su wane ne 'yan zuhudu?

Zaman zuhudu na Kirista a ƙasarmu ta Afirka ya yi ƙarfi da fari. A ƙarni na 3 da na 4 mutane da yawa a Masar suka fita zuwa hamada domin su nemi Allah ba tare da hayaniyar duniya ba. Sananne a cikinsu shi ne Antoni, wanda ya rasu a shekara ta 356. Suna saƙar tabarma da kwanduna, bakinsu yana maimaita Zabura.

Daga baya a ƙasar Italiya aka yi wani mutum mai suna Benedikt, wanda aka haifa wajen shekara ta 480. Ya kafa gidan zuhudu a kan dutsen Monte Kasino wajen 529, ya kuma rubuta wa almajiransa ƙa'idar zama. Cikin ƙa'idar nan ya raba yini da dare. Sau bakwai a yini su taru su yi addu'a, sau ɗaya kuma su tashi da dare. Daga Zabura 119 ya samo wannan, aya ta 164 da ta 62. Sai a buɗe a duba. Tsakanin lokatan addu'a suna noma, suna dafuwa, suna karatu, suna karɓar baƙi.

Benedikt ya umarta a raira Zabura 150 duka cikin kowane mako, kada a tsallake ko ɗaya. Har ya tuna musu cewa iyayen dā sukan gama su cikin yini guda, don kada su ga mako ya yi musu nauyi. Ya kuma gargaɗe su, sa'ad da su ke rairawa su tabbata hankalinsu yana tafiya tare da muryarsu. Mutumin da ya shekara 40 a irin gidan nan ya ratsa Zabura duka fiye da sau dubu biyu. Irin wannan ba ya bukatar a buɗe masa littafi ranar da ido ya dushe ko ranar da ya kwanta ciwon ajali.

3. Yadda waƙar ta ke

Abu huɗu ne suka bambanta ta da waƙoƙin da muka saba.

Na fari, murya ɗaya ce. Babu masu siririyar murya dabam da masu kauri dabam suna bin hanyoyi huɗu kamar yadda ƙungiyar mawaƙa ta ke yi. Kowa yana kan layi ɗaya. Wanda ya fi kowa zaƙin murya dole ya sassauta har ya ɓace cikin 'yan'uwansa. A duba Romawa 15:6, inda Bulus ya yi fatan masu bi su ɗaukaka Allah da nufi ɗaya da baki ɗaya.

Na biyu, a asalinta ba a haɗa ta da kayan kiɗa.

Na uku, ba ta da bugun da za a taka rawa da shi. Tsawon jimla shi ke nuna inda za a ja da inda za a tsaya a numfasa. Wurin raira Zabura akwai kari guda takwas na asali. Mai rairawa ya ɗan hau a farkon aya, ya zauna kan sauti ɗaya yana faɗin kalmomi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan karya murya a tsakiya, ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ƙarasa ya sauka. Sashe ɗaya na ɗaki ya ɗauki aya ɗaya, ɗaya sashen ya ɗauki ta biye. Ta fi kusa da karatu mai kari bisa ga abin da mu ke kira waƙa. Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san irin wannan, gama maƙwabtanmu Musulmi ma ba su karanta littafinsu kamar yadda a ke karanta jarida.

Na huɗu, kalmominta kusan duka daga Littafi Mai Tsarki su ke, yawanci daga Zabura. Ko manyan sassan sujadar Mas da jama'a su ke rairawa, tushensu a rubuce ya ke: waƙar ɗaukaka ta fara da yabon mala'iku na Luka 2:14, waƙar tsarkin Allah daga Ishaya 6:3 ta ke, roƙon Ɗan Rago na Allah kuwa daga shaidar Yohanna Mai Baftisma ne cikin Yohanna 1:29.

Akwai wuri ɗaya da doki ya kan yi sukuwa. Wurin Halleluya, mawaƙa sukan ja gaɓar ƙarshe da sautuka masu yawa, babu wata kalma. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu, ya kwatanta irin wannan murna da ta masu girbi, waɗanda sukan fara waƙa da kalmomi, farin ciki ya cika su, kalmomi su ƙare, murya kaɗai ta ci gaba. Mu a nan guɗa mu ke kiranta. Amma mu lura: ba a yin guɗa sai an ji labari. Guɗar da ba ta bi bayan labari ba, ihu ce kawai.

4. Sunan Giregori, da yadda aka rubuta waƙar

Giregori na Fari ya yi Paparoma daga 590 zuwa 604. Shi ne ya aiki masu bishara zuwa Ingila, suka isa a 597. Mutanen baya sun ɗauka shi ya shirya waƙoƙin nan duka, har masu zane sukan zana shi da kurciya a kafaɗa tana raɗa masa a kunne. Masu binciken tsofaffin littattafai sun nuna ba haka abin ya ke ba. Waƙar da mu ke da ita ta kafu ne wajen shekara 150 zuwa 200 bayan rasuwarsa, sa'ad da sarakunan Faransawan dā, Pepin da ɗansa Sharlaman, suka so ƙasarsu duka ta yi sujada irin ta Roma. Mawaƙan Roma suka koya wa na arewa, na arewa suka karɓa da irin nasu harshe da kunne, abin da ya fito daga haɗuwar nan aka laƙaba masa sunan Giregori domin girmamawa.

Da fari da ka a ke koyonta, daga bakin malami zuwa kunnen almajiri, shekara da shekaru. A ƙarni na 9 aka soma sa 'yan alamu bisa kalmomi domin su tuna wa mawaƙi inda murya za ta hau ko ta sauka. A farkon ƙarni na 11 wani ɗan zuhudu a Italiya, Gido na Arezzo, ya tsara layuka a kwance domin kowane sauti ya sami mazauninsa, ya kuma ba sautuka shida sunaye: ut, re, mi, fa, sol, la. Daga baya ut ya zama do. A ƙarni na 19 wani mai wa'azi a Ingila, John Curwen, ya yaɗa hanyar koyon waƙa da sunayen nan, masu bishara kuma suka kawo ta ƙasarmu. Saboda haka duk malamin mawaƙa da ya rubuta d, r, m a allo ran Asabar da yamma, ko a Lafiya, ko a Akwanga, ko a Doma, gadon 'yan zuhudu ya ke ci, ko da bai sani ba.

5. Daga Roma zuwa ƙasarmu

Da tafiya ta yi tafiya waƙar ta gurɓace, aka yanke ta, aka ja ta da nauyi. A 1833 wani limami mai suna Prosper Guéranger ya sake raya gidan zuhudu na Solem a Faransa. 'Yan gidan suka bi tsofaffin rubuce-rubuce suna gwada wannan da wancan, har suka maido da waƙar kusa da asalinta. A 1903 Paparoma Pius na Goma ya umarta a mai da ita wurinta cikin sujada.

Shekara huɗu bayan wannan, a 1907, limaman Katolika uku suka iso Shendam, gabas da mu, suka kafa tashar da ta zama mafarin aikinsu a arewacin Nijeriya. Da Latin su ke yin Mas, haka kuma aka ci gaba har shekara hamsin da ɗoriya. Kakannin waɗansunmu sun haddace dogayen waƙoƙin Latin tun ba su iya karatun boko ba. Katolikan Lafiya suna ƙarƙashin dayosis na Makurɗi har shekara ta 2000, sa'ad da aka ba Lafiya nata dayosis, da babbar majami'ar Saint William, Matthew Ishaya Audu kuma ya zama bishop na fari.

A ɗaya gefen kuma, masu gyaran ikilisiya na ƙarni na 16 sun riga sun ɗauki wata hanya. Martin Luther ya shirya waƙoƙi da Jamusanci, a birnin Janiba kuma aka gama juya Zabura 150 zuwa waƙoƙin Faransanci a 1562, domin manomi da mai sayar da kifi su raira abin da su ke fahimta. Ikilisiyoyin da suka fito daga aikin mishan na SUM da SIM, kamar ERCC mai hedkwata a Alushi da ECWA, wannan hanya suka gāda. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa dukansa a 1932, littafin waƙoƙi na Hausa kuma ya zama abokin tafiyarsa.

Ikilisiyar Katolika ita ma ta sake duba al'amarin a babban taron Batikan na Biyu, daga 1962 zuwa 1965. A watan Disamba 1963 taron ya tabbatar da cewa waƙar Giregori ita ce ta gidan, ita ke da wuri na fari, amma ya buɗe ƙofa ga harsunan jama'a, ya kuma ce a girmama kiɗa da waƙar gargajiya na ƙasashen da bishara ta shiga. Shi ya sa yau Mas ɗaya ta kan haɗa Latin, da Turanci, da Hausa, da ganga.

Akwai misali mai kyau a Senegal. 'Yan zuhudu daga Solem suka kafa gida a Keur Moussa, watau Gidan Musa da harshen Wolof, aka buɗe shi a 1963. Suka kasa kunne ga waƙoƙin ƙasar, suka ga akwai dangantaka tsakaninsu da tsohuwar waƙarsu, suka ɗauki kora, wani irin babban molo mai tsirkiya 21, suka shiga raira Zabura da ita. A Nijeriya ma akwai gidan 'yan Benedikt a Ewu cikin Jihar Edo, wanda 'yan zuhudu daga Ailan suka kafa a 1979. Doki ya sake, mahayi yana nan.

6. Ramuka biyu

Yanzu mu koma 1 Korintiyawa 14. Bulus yana maganar baiwar harsuna ne, amma ma'aunin da ya bayar ya shafi kowace murya da a ke ɗagawa cikin taro. Ya kawo misalin sarewa, da molo, da ƙaho: in sautinsu bai fita sarai ba, wa zai san abin da a ke nufi, wa zai yi shirin yaƙi? Ya tambaya yadda baƙo zai ce Amin ga godiyar da bai gane ba. Ya ce shi kam ya gwammace kalmomi biyar da za su koya wa wani abu bisa ga dubu goma da ba mai ganewa.

Rami na fari shi ne harshen da ba a ji. Mu tuna, sa'ad da Jerom ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin wajen shekara ta 400, Latin ne harshen talakawa a yammacin daular Roma. Abin da ya yi musu shi ne abin da masu juyi suka yi mana da Hausa. Da zamani ya wuce, harshen jama'a ya sāke, waƙa ta tsaya inda ta ke, har aka kai lokacin da mai sujada ya ke jin daɗin kari, saƙo kuwa ya wuce shi. Ɗan'uwan da ke ƙaunar waƙar Latin bai yi laifi ba, gama tana haɗa shi da masu bi na ƙasashe da zamanai masu yawa. Amma wajibi ne a kansa ya nemi ma'anar kowane layi, ya kuma koya wa 'ya'yansa.

Rami na biyu ya fi kusa da ƙafarmu: harshe namu ne, amma ba a jin kalmomin. Wannan ya kan faru ta hanya biyu. Ɗaya ita ce ƙara. Mun taɓa zama a wata majami'a inda aka yi waƙa mai daɗi ƙwarai, kowa ya tashi ya taka. Da aka fito muka tambayi mutum biyar abin da baiti na biyu ya faɗa. Babu wanda ya sani. Ganga da lasifika sun haɗiye shi. Doki ya kā da mahayi, ya yi ta sukuwa da sirdi wofi, jama'a suna tafi.

Ɗaya hanyar kuwa mu masu aikin juyi mun fi kowa laifi a cikinta. Hausa harshe ne da hawa da saukar murya ke rarrabe ma'ana. Kukan jariri dabam, kukar miya dabam. Wuyan riga dabam, wuyar aiki dabam. In an ce Ubangiji ya zo, da jan ya da ɗaga murya, labari ne na abin da ya riga ya faru. In an gajarta ya aka saukar da murya, roƙo ne. Yawancin harsunan ƙasar nan haka su ke. Sa'ad da aka ɗauki karin waƙar Turai aka cusa masa kalmomin Hausa, sau da yawa kari yana hawa inda kalma ke sauka, yana jan gaɓar da ta ke gajeriya. Wanda ya girma cikin ikilisiya ya saba, amma baƙo ya kan tsaya yana mamaki wane harshe a ke yi. A nan waƙoƙin matan zumunta da na 'yan Sabon Rai sukan fi namu, gama karinsu daga bakin magana ya fito. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Agustin ya san haɗarin nan a ransa. Cikin littafin da ya ba da labarin tubansa ya faɗi yadda ya yi hawaye da jin waƙoƙin ikilisiya a Milan lokacin baftismarsa a 387. Duk da haka ya ce duk ran da daɗin murya ya motsa shi fiye da abin da a ke faɗa, ya kan ga ya yi zunubi. Har ya tuna da Atanasiyus na Iskandariya, wanda ya kan sa a raira Zabura da ɗan karin da ya fi kusa da magana. A ƙarshe bai hana waƙa ba, gama ya ga tana taimakon raunana. Ya dai sa mata linzami. A duba kuma Amos 5:21-24, inda Allah ya ƙi jin waƙoƙin mutanen da suka yar da gaskiya da adalci.

7. Abin da za mu ɗauka

Ba a kira mu duka mu bar gida da gona mu shiga zuhudu ba. Ba kuwa mu ke cewa a fasa ganga ba, gama Zabura 150 ta kira kayan kiɗa iri iri su yi yabo. Amma akwai abu uku da za mu koya.

Na ɗaya, a ji kalmomi. Makaɗi mai hikima ya kan sassauta hannu sa'ad da mai bayarwa ke faɗin baiti. Mai shirya sabuwar waƙa ya fara faɗin kalmomin da baki sau da yawa, ya ji inda murya ke hawa da sauka, sa'an nan ya sa kari ya bi sawun.

Na biyu, a raira Maganar duka. Mu mukan zaɓi waƙoƙin nasara kaɗai. Amma cikin taronmu akwai gwauruwa, akwai wanda ambaliya ta cinye masa shinkafa, akwai waɗanda tashin hankali ya kora daga gonakinsu. In waƙoƙinmu duka na rawa ne, me za su raira? Ɗan zuhudu ba shi da ikon tsallake Zabura 88 domin tana da duhu, ko 51 domin tana tone zunubi. Allah ya sa kuka cikin littafin waƙarsa domin masu kuka su sami abin faɗa masa. Ikilisiyar da ba ta koya wa 'ya'yanta waɗannan ba, ta sallame su cikin damina babu laima.

Na uku, a raira tare. Waƙar sujada ta jama'a ce. In ƙungiyar mawaƙa ta yi ta kaɗai, jama'a suna kallo, an koma gidan jiya, ko da Hausa a ke yi. Dattijo ya ba yaro wuri, yaro ya koyi waƙar dattijo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa 1 Tarihi 25 ya kira aikin mawaƙa annabci? Wane nauyi wannan ya ɗora wa mawaƙanmu?
2. In an kulle mu yau kamar Bulus da Sila, babu littafi, wace Zabura ce za mu iya rairawa daga farko har ƙarshe?
3. Cikin ramuka biyun nan, wanne ya fi kusa da ikilisiyarmu?
4. Ku tuna waƙar da muka yi ran Lahadin da ta wuce. Me ta koya mana game da Allah?
5. Yaya za mu yi magana da ɗan'uwan da irin waƙarsa ta bambanta da tamu, bisa ga Kolosiyawa 3:12-14?

Aikin mako

Kowane gida ya ɗauki Zabura ɗaya da safe, ɗaya da dare, a karanta da murya, iyaye aya ɗaya, yara aya ɗaya, da ɗan shiru a tsakani. A fara da Zabura 3 da 4, gama ɗaya ta safe ce, ɗaya ta dare. Masu baiwar waƙa su gwada sa wa Zabura 121 kari mai bin hawa da saukar Hausa, su kawo mana mako mai zuwa.

Addu'a

Ya Uba, kai ka ba mu harshe da numfashi. Ka gafarta mana lokatan da bakinmu ya yi waƙa, zuciyarmu tana wani wuri. Ka koya wa dattawanmu da matasanmu su saurari juna. Ka ba mawaƙanmu tawali'u, ka ba masu baƙin ciki a cikinmu abin da za su faɗa maka. Ka sa Maganarka ta zauna cikinmu har ranar da muryarmu za ta ƙare. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.